Tsohon daji ba shi dasuwa

Kowace shekara, ran 3 ga watan Agusta, ana dashen itace ko'ina cikin Nijar. Ita ce ranar da ƙasarmu ta samu mulkin kai cikin 1960, kuma tun 1975 anka haɗa ta da bukin dashe. Ranar nan manya su fito, ƴan makaranta su fito, a gina ramu, a sa ɗiyan itace, a ba su ruwa, a yi tafi. Abu ne mai kyau, ba mai ƙin shi.

Amma mu tsaya mu tambayi kanmu. Cikin itatuwan da anka dasa bara a garinku, nawa sunka rayu? Nawa akuya ta cinye kafin kaka? Kuma sa'ad da muke dasa ɗan icce mai tsawon taƙi ɗaya bakin hanya, can cikin daji gatari na kada ƙiryar da ta girmi kakanmu. Mun sa ɗaya ƙarami, mun kada ɗaya babba, muna cewa an yi kunnen doki. Ba a yi ba, jama'a. Darasinmu na yau kan wanga zance yake.

Mi ake nufi da tsohon daji?

Tsohon daji ba tarin itace ba ne kawai. Shi ne dajin da ya daɗe ba a share shi ba, ba a nome shi ba, tun zamanin kakanni. Inda ya yi duhu ƙwarai, shi muke ce ma kurmi.

In ka shiga irin wanga daji za ka iske shi hawa-hawa. Bisa akwai manyan itatuwa: kuka, tsamiya, marke, ƙirya, ɗanya, kanya. Ƙarƙashinsu akwai matsakaita, su kalgo da taramniya da magarya. Sannan ga geza da sabara da anza sun cika tsakani, ga masu yaɗo sun nannaɗe su. Ƙasa kuwa ganye ne ya zuba shekara bisa shekara, ya ruɓe, ya zama baƙar ƙasa mai laushi. Ka sa hannu ka tona, za ka ji sanyi ko da bazara ce. Har iccen da ya mutu ya faɗi shina da aiki. Gara ta ci shi ta maida shi ƙasa. Ƙudan zuma su shiga kogonshi. Tsuntsaye su yi sheƙa, su ci ɗiyan itace nan, su je su kasayar da ƙwallon can, wani icce ya tsiro ba wanda ya dasa shi.

To, ku gwada wannan da filin da anka dasa bedi layi-layi. Bedi icce ne mai amfani, ya ba mu inuwa cikin gari da kasuwa, ya ba mu sanduna. Asalinshi daga ƙasar Indiya anka kawo shi. Amma ku dubi ƙarƙashinshi: ba miya, ba ɗiyan da yaro zai tsinta ya ci ya ƙoshi. Matar da ke neman kuka, da maƙerin da ke neman gawayin ƙirya, da majemin da ke neman bagaruwa, da mai maganin da ke neman saƙe-saƙi, ba wanda zai biya bukatarshi nan. Bedi kan yi inuwa cikin shekara biyar ko shida. Kuka kuwa, masu bincike sun auna shekarun waɗansu a kudancin Afirka, sun iske sun wuce shekara 1000 a tsaye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kurmin Lugu

Mu mutanen Arewa muna da babban misali cikin gida. Lugu, garin Sarauniya, shina cikin yankin Dankasari, ƙasar Dogondutsi. Kowa ya ji labarin yaƙin da anka yi nan ran 16 ga watan Afrilu 1899, sa'ad da rundunar Faransa ta Vule da Shanwan ta iso, tana ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Kwara. Sarauniya Mangu da mutanenta sunka ƙi miƙa wuya, sunka tare su da kwari da baka.

Akwai abin da ba a cika faɗi ba cikin wanga labari. Da harsashi ya yi yawa, ina mutanen Lugu sunka shiga? Kurmi sunka shiga. Daji ne mai sarƙaƙiya da ƙaya, doki ba shi ratsa shi, mai bindiga ba shi ganin na ciki. Turawan da kansu sun rubuta cewa ranar nan sun harba harsashi wajen 7000, an kashe masu soja 4, an raunata 6. Sun ƙone gari, amma ba su kama Sarauniya ba. Da sunka wuce, mutane sunka fito sunka sake gina gidajensu. Da fili ne fetal ke bayan Lugu a ranar nan, da labarin ya sake.

Kurmin nan bai tsaya don babu gatari a Lugu ba. Ya tsaya don al'ada ta yi mashi shinge. Wurin tsafi ne ga azna, ba kowa ke shiga ba, ba a sara yadda anka ga dama. Cikin 2006 gwamnatin Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya.

Na san wani cikin aji zai ce: "Malam, ai wannan zancen azna ne, mu musulmi ina ruwanmu?" To, ba tsafin nike yabo ba. Abin da nike so mu gani shi ne, mutane sun taru sun ce wanga wuri ba a taɓa shi, kuma maganar ta zauna shekara da shekaru, ba soja, ba takarda. Musulunci ma ya san wannan. Itacen Makka haramun ne a sare shi, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya yi ma Madina irin wanga hurumi. Sarakunan dauri su ma sun sani. A Damagaram ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya rasu cikin 1884, cewa ya kafa doka mai tsanani kan sare gao, hukuncinta har kisa. Ba mu ce a koma ga takobi ba. Amma ku lura da darajar da icce ke gare shi ga mutanen da.

Dajin tudu da ruwan sama

Ƙasarmu kashi biyu ce. Akwai fadama, wato Dallol Mawri, wadda ta biyo ta Matankari, ta Dogondutsi, ta Kore Mairuwa da Tibiri da Gesheme, ta gangara kudu har ƙasar Gaya. Akwai kuma tuddai masu tsakuwa da jan dutse, dama da hagu. Mutane da yawa na raina dajin tudu. Sai ka ji an ce ai geza ce da sabara, ba a yin katako da su. Alhali wanga daji shi ke tsaron gonakin da ke ƙasa.

Ga yadda abin yake. Kan tuddan jahar Doso da Tilaberi, daji ba shi rufe ko'ina. Layi-layi yake: ga layin itace mai duhu, ga fako, ga wani layin itace, ga wani fako. In ruwa ya faɗi kan fako ba shi nutsewa, sai ya gangara sannu-sannu ya shiga layin itacen da ke gabanshi. Nan ganye da ƙirare ke tare shi. Nan gara ta huda ƙasa ramu-ramu kamar rariya, sai ruwan ya shige. Ke nan itacen na shan ruwan da ya faɗi kansu, suna shan wanda fako ya aiko masu. Shi ya sa suke rayuwa inda ruwan sama bai da yawa. Masu bincike sun yi shekaru suna auna wanga abu a Banizumbu, gabas da Yamai.

To, in an sare layin itacen fa? Rana ta buge ƙasa, ganyen ya ƙare, gara ta tashi, ƙasa ta yi ɓawo kamar an daɓe ta. Fako ya haɗe da fako. Ruwan da dauri ke tsayawa bisa tudu, yanzu duk sai ya taru ya zubo da gudu. Shi ne ke yanka kwazazzabo tsakiyar gona. Shi ne ke kwaso rairayi ya binne shuka da rijiyoyin garka. Shi ne ke shiga gari ya kada gidaje. Mutanen Dogondutsi, da ke zaune gindin duwatsu, ba sai an ba su labari ba.

Abin tausayi, ƙasar da ta yi ɓawon nan ba ta komawa da kanta. Sai an fito da diga da shebur, an gina rabin wata, an jera duwatsu, an shuka ciyawa, an dasa itace, an sa mai tsaro. Da yawa cikinku kun yi wanga aiki, kun san wuyarshi, kun san zafin ranar watan Afrilu kan dutse. Duk wannan gumi, ƙoƙari ne na maido abin da geza ke yi mana kyauta.

Tsofaffin fadama

Cikin fadama kurmi ya yi wuyar gani, don kusan ko'ina an nome. Amma tsohon dajin bai ƙare duka ba. Manyan itatuwan da ke tsaye cikin gonakinmu, su gao da gawasa da tsamiya da ɗorawa, kakanninmu ne sunka bar su da gangan sa'ad da suke sassabe. Sun san abin da suke yi.

Dubi gao. Allah ya yi shi daban da sauran itace. Da damina, sa'ad da kowa ke ganye, shi sai ya kaɗe nashi, ya bar hatsi ya sha rana. Ganyen da ya zuba ya zama taki daidai lokacin shuka. Da rani kuma sai ya yi kore, bisashe su taru inuwarshi, su ci ɗiyanshi, su bar kashi nan. Saiwarshi na nutsawa ƙasa ƙwarai har ta iske ruwa, ba ta gasa da hatsi. Kowane manomi ya san zangarniyar gindin gao ta fi ta fili. Amma ƙaramin gao ba shi yin wanga aiki. Sai ya manyanta, sai mutum biyu sun kasa rungume shi, sannan gona ke jin daɗinshi sosai. Wanda ya yi ma babban gao aski har ƙwarya don tumaki su ci kwana uku, ya san abin da ya ɓata?

In ka bi Dallol Mawri kudu har ƙasar Gaya, za ka shiga dajin giginya, kimanin hekta 30.000. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Shina cikin manyan dazuzzukan giginya na Afirka ta Yamma, kuma cikin 2004 an sa wanga yanki na Dallol cikin jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye. Giginya akwai namiji akwai mace. Macen ke ɗiya. Namijin aka fi so wajen azara, don gara ba ta cin shi da sauƙi. Azarar da ke ɗakunanmu da yawa daga can ta fito. Ga muruci kuma, wanda muke saye a tasha muna ci muna jin daɗi. Muruci fa jaririn giginya ne. In an sare manya don azara, an kwashe ɗiya duka don muruci, wa zai gaji wa? Shi ya sa tun shekarun 1990 garuruwan wurin sunka kafa ƙungiyoyin tsaro, su da ma'aikatan gandun daji, ana ƙidaya abin da za a sare, ana shuka ƙwallo.

Ƙaƙa anka yi daji ya tafi?

Fari ya ci nashi. Na 1973 da 1974, da na 1984, sun kashe itace ba iyaka. Mutane kuma sun ƙaru, gona ta ƙaru, an bar hutar da ƙasa, an hau tudu da noma inda dauri makiyaya kaɗai ke zuwa. Birane sun girma, kowace tukunya na son icce, ga amalanke da manyan motoci na jida dare da rana. Waɗannan duk kun sani.

Akwai dalili ɗaya da ya kamata mu daɗe kanshi. Cikin 1935 Turawan mulkin mallaka sunka kafa dokar daji, wadda ta maida dajin da ba a nomawa hannun hukuma. Bayan mulkin kai, dokar 1974 ta bi sawunta, ta jera itatuwan da ba a sarewa sai da izini, har da gao da giginya da kuka da tsamiya. Niyya mai kyau ce. Amma ga abin da ya faru cikin zuciyar talaka: ya ga icce ya zama na gwamnati. Iccen da ke cikin gonarshi, in ya sare reshe a ci shi tara. Baƙo kuwa ya zo da takarda daga birni ya sare na bayan gari, shi ba shi da ta cewa. Sai manomi ya ce, to, mi zai sa in bar abin da zai jawo mani tara? Sai ya riƙa kashe tsiro tun shina ƙarami. Dajin da ke da mai shi ya koma na kowa, kuma abin kowa ba mai tsaron shi.

Hukuma ta gane haka daga baya. Cikin watan Mayu 1984 anka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Cikin 1992 anka fito da dokar kasuwannin itace na karkara: gari ya kafa ƙungiya, ya tsare dajinshi, a raba shi kashi-kashi, bana a sara nan, baɗi a sara can, kuma wani kaso na haraji ya tsaya cikin gari. Cikin 2004 anka yi sabuwar dokar daji. Cikin 2020 kuma anka sa hannu kan wata takarda da ta tabbatar ma manomi hakkinshi kan iccen da ya raina cikin gonarshi. Wanda ya iya karatu shina iya zuwa ma'aikatar gandun daji ko wurin magajin gari ya nemi a nuna mashi abin da doka ta ce. Ga ɗaya daga cikin amfanin zaman da kuke yi nan.

Sassaben zamani, da iyakarshi

A ƙasar Maraɗi, tun 1983, wani ma'aikaci mutumen Ostiraliya, Toni Rinaudo, ya lura da cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba. Saiwarsu na nan da rai, kowace shekara suna tohowa, manomi na sarewa. Sai shi da manoma sunka fara wata dabara: maimakon a share duka, a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi kan kowane kututture, a sassabe sauran, a bar waɗannan su tashi. Shi ake kira sassaben zamani. Ba sayen iri, ba ban ruwa, adda kawai. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wanga hanya itace wajen miliyan 200 sun tashi kan hekta miliyan 5, yawanci cikin jahohin Maraɗi da Damagaram. Ya fi dashe nesa ba kusa ba, kuma ba abin da zai hana kowane manomin Arewa yin shi bana.

Sai dai mu faɗi gaskiya. Abin da ke tohowa shi ne abin da saiwarshi ko ƙwallonshi ke nan. Sabara za ta dawo, kalgo zai dawo, gao zai dawo in bisashe sun kawo irinshi. Amma inda anka kada kanya ta ƙarshe, anka ƙone gindin ƙirya ta ƙarshe don gawayi, daga ina iri zai fito? Tsohon icce shi ne rumbun iri. Ɗan kurmin da ya rage bayan gari, ko bakin tafki, ko kewayen maƙabarta, ko cikin lungun dutse inda amalanke ba ta kai, daga nan ne tsuntsu da iska da akuya ke ɗauko iri su watsa cikin ƙasa. Ko bai fi hekta biyu ba, kada ku raina shi.

Tsaron irin wanga wuri ba shi son kuɗi da yawa. Magana ɗaya shike so. Maigari da liman da manoma da makiyaya su zauna, da mata, don su ke ɗebo icce, su sunka san wane iri ya fara wuya. A zagaya wurin da ƙafa, a sa alama, a ce daga nan zuwa nan hurumi ne. A yarda da tsintar busasshe, da ɗibar ɗiya da ganye da magani. A hana gatari kan ɗanye, a hana wuta, a hana ɓare ɓawon icce zagaye, don iccen da anka yi ma haka mutuwa shike. A faɗi tarar wanda ya karya, ko ɗan wa ne. Sannan a rubuta. Dauri sai an nemo wani daga nesa ya rubuta mana. Yanzu cikin ajin nan akwai masu iyawa. A kai kofi ɗaya wurin magajin gari, ɗaya ma'aikatar gandun daji, ɗaya ya zauna hannun maigari.

Mata za su ce: "In an hana mu can, da mi za mu dafa tuwo?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma dokar da ba ta amsa ta ba, ba ta kai baɗi. Rassan da ake cirewa wajen sassaben zamani suna rage tafiya daji. Murhun laka da murhun ƙarfe da ake kira mai sauƙi ba su cin icce kamar duwatsu uku a fili. Maigida ya bar matarshi ta ɗebi na gona, kada ya sayar da shi duka ran kasuwa.

Aiki

1. Ku je wurin tsoho ko tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garinku. Ku tambaye su sunayen itatuwan da sunka sani suna yara, waɗanda yanzu babu. Ku rubuta sunayen.

2. Yaƙin Lugu an yi shi cikin 1899. Ku cire 1899 daga shekarar da muke ciki. Shekara nawa ke nan?

3. Mu ɗauka tsakanin uba da ɗa shekara 30 ce. In tsamiya ta shekara 120, iyaye nawa ta gani?

4. Don mi ruwa ke yanka gona in an sare dajin tudu? Ku faɗi da bakinku, sannan ku rubuta layi uku.

5. Akwai sauran kurmi kusa da garinku? Ina yake, wa ke da iko da shi, kuma wa ke sara cikinshi?